Kokawar da Nomau bai yi ba

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana Nomau, wanda mutanen ƙasarmu suka fi sani da Kututture. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba, don shi kansa ba mai son a yi ta zancensa ba ne. Abin da ya taso mini da shi, kwanan baya na je Funtua gyaran waya, shagon kuwa yana jikin wani gidan kallon ƙwallo. Na tarar da samari sun yi dandazo suna musu a kan wane tarihi ne a duniyar wasanni ba za a taɓa shafe shi ba. Wannan ya ce yawan ƙwallayen da wane ya zura a raga, wancan ya ce a'a, gudun da wani ya yi ne, har wani ya cire hula yana rantse-rantse kamar gadon ubansa ake rabawa. Kowa da waya a hannu, da an faɗi magana sai a latsa a duba. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi, amma ba wanda ya tambaye ni, sai na karɓi wayata na kama hanya. Musun nan na san shi tun ba a haifi iyayensu ba, kuma a gidanmu ba a banza ya wuce ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne tsakanin Malumfashi da Funtua, ƙasar dawa da auduga. Mahaifinmu a kan al'adar gargajiya ya rayu ya mutu. Ni ne auta, ni aka kai makarantar mishan na fito malamin firamare. Nomau kuwa, wanda ya ba ni shekara goma sha biyar, shi ya riƙe gandu ya riƙe ni bayan tsohon ya kwanta dama. Ba dogo ba ne. Wuyansa gajere, ƙirjinsa faffaɗa, ƙafafunsa kuwa su suka jawo masa sunan Kututture. Ba shi da yawan magana, dariyarsa ma sai an yi sa'a, kuma idan ya kafe a kan abu gara ka je ka kama wani aikin. Duk wanda ya zo gaishe shi, ƙafafunsa yake kallo ba fuska ba. Baƙi suna ɗauka kunya ce da ladabi. Mu da muka san shi mun san auna mutum yake yi, yana duba wace ƙafa ce ke ɗauke da nauyinsa.

A zamanin, da an yanke dawa an kai rumbu, sai kiɗan kokawa ya tashi gari-gari. Ga wanda bai san ƙa'idarta ba, ba sai an shimfiɗe mutum rigingine ba. Ko gwiwa ce ta taɓa ƙasa, ko tafin hannu ka dafa don kada ka faɗi, an kayar da kai, makaɗa sun juya wa wancan. Santsin ciyawa ma ya isa ya ba ka kunya. To, Nomau ya yi kaka goma sha huɗu yana shiga fage, daga Bakori zuwa Dandume, daga Ƙafur har wajen Matazu, ba wanda ya taɓa sa shi ya dafa ƙasa. Ba a rubuce yake ba a ko'ina. Makaɗa ne ke riƙe da lissafin, su kuwa ko sun so ƙara gishiri, akwai dattawan da suka ga kowace kaka da idonsu.

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, majalisarmu ranar kasuwar Malumfashi ita ce rumfar wani tela mai rediyo. A nan muka ji labarin ɗan damben nan na Kudu da ya ciwo kambun duniya, a nan kuma na karanta musu a jarida cewa akwai Baturen da ya taɓa gudun mil guda bai cika minti huɗu ba. Uban 'yan musu a rumfar shi ne Audu Direba, mai jan motar auduga zuwa injin gurza na Funtua. Audu ya ga Kano ya ga Kaduna ya ga Ikko, saboda haka a ganinsa duk abin da aka yi kusa da gida wasan yara ne. Mutum ne mai kirki, ya sha ɗaukar marasa lafiyarmu kyauta, amma bakinsa ba linzami.

Shi Audu yana nan a kan mai gudun mil. Hujjarsa, agogo ba ya karɓar goro, ba shi da ɗan'uwa, abin da ya nuna shi ke nan. Ni kuwa, ko da ba yayana ba ne, ina ganin na Nomau ya fi wuya, kuma har gobe ban sauya ba. Mai gudu idan ya kasa yau, gobe ya sake gwadawa, jibi ma haka, rana ɗaya kawai yake bukata ta yi masa kyau. An ma ce bayan shi wasu sun zo sun wuce shi. Amma wanda zai kamo Nomau sai ya yi shekara goma sha huɗu ba ranar da ta ɓaci masa, ba zazzaɓi, ba targaɗe, ba santsi, ga shi kowane saurayin da ya ji ƙarfi a jikinsa shi yake nema. Wasu kuma su kawo nasu. Wani ya ce ɗan langan garinsu da ba a taɓa ture shi ba, wani ya ce mutumin da ya kai keke Funtua ya komo kafin azahar. Haka za a yi ta yi har tela ya kashe rediyonsa don tattalin batir.

Nomau kan zauna a gefe yana ɓare gyaɗa kamar ba da shi ake ba. Sau ɗaya aka matsa masa sai ya faɗi nasa. Ya ce, “Shi mai gudun, wa ke riƙe mashi ƙafa?” Aka ce ba kowa. Ya ce, “To.” Ya ci gaba da gyaɗarsa.

A kaka ta goma sha huɗu Jatau ya bayyana. Saurayi ne daga wajen Ƙafur, dogo, ja, mai dogon hannu, bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, Nomau kuwa lokacin yana dosar arba'in. Suka haɗu a fagen garinmu bayan la'asar. Ban taɓa ganin yayana ya yi gumi irin na ran nan ba. Sau biyu Jatau yana ɗaga shi har ƙafa ɗaya ta bar ƙasa, matan gidanmu suka ɗora hannu a ka, sai Kututture ya lalubo ƙasa ya dasa. Shi ma ya harɗe yaron ya kai shi har ya tanƙware, yaron ya zame. Rana ta faɗi ba kaye, dattawan fage suka shiga suka raba su, aka tashi canjaras. Tun daga ran nan ba wani zance sai na kaka mai zuwa. A layin awon auduga, a bakin rijiya, a rumfar tela, kowa ya zaɓi nasa. Audu ya ce yanzu ne za a san ko kututturen na da saiwa. Nomau da kansa ya canza. Na sha ganinsa a gona ya tsaya da fartanya a hannu yana motsa kafaɗa shi kaɗai, yana warware wani riƙo da ba wanda ya yi masa. Murna yake yi. Ya daɗe bai sami wanda zai sa shi tunani ba.

Abin da ba mu sani ba, ba 'yan kallon kokawa kaɗai Jatau ya burge ba. Nomau yana da 'ya, Talatu, ita ce ta fari. Budurwa ce cikakkiya mai kaifin baki, ta riga ta sallami manema biyu ba wanda ya iya tanƙwara ta. Da yake 'yar fari ce, ubanta ko sunanta ba ya faɗa, sai dai “yarinyar nan”. Ni ne ƙanen uba, saboda haka ni ake kawo wa kuka, kuma a wurina ake neman aurenta. Da damina ta faɗi, wata rana na dawo daga makaranta na same ta tana jirana a ƙofar ɗaki. Ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ta ce ita da Jatau sun daidaita tun da rani, kuma mutanensa suna so su kawo gayya gonar babanta lokacin maimai.

Na ce, “Wane Jatau?”

Ta ce, “Baba, Jatau nawa ka sani?”

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce to mene ne a ciki. A wurinmu saurayin da ke neman aure yakan tara abokansa da makaɗa su zo su nome gonar uban yarinya. Idan uban ya bari fartanyarsu ta shiga gonarsa, magana ta ƙare, an zama surukai. Suruki kuwa ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a kama sunansa. Idan kun yi kiciɓis a hanya ka cire takalmi ka tsuguna, ko ka ratse daji. Balle a ce ka tuɓe daga kai sai warki, ka rungume shi a gaban jama'a kana neman buga shi da ƙasa. Ba a taɓa yi ba, ba kuma a kanmu za a fara ba. Duk ranar da gayyar Jatau ta shiga gonar Nomau, kokawar da ƙasa duka ke jira ta mutu har abada.

Na sami yayana a bakin rumbu yana gyaran ƙotar gatari, na faɗa masa. Na kawo shawarar da nake ganin kowane mai hankali zai kawo, wato a ce wa mutanen Ƙafur su dakata, wata nawa ne ya rage, a yi kokawar kaka a gama, sa'an nan su zo da gayyarsu baɗi. Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa, har na ɗauka bai ji ba. Can ya ce:

“In ya kada ni, da wane ido za ya zo ya tsuguna mani? In kau ni na kada shi, makaɗa za su sa shi a waƙa. Yarinyar nan tana daka a gidan miji tana jin yadda ubanta ya buga mijinta da ƙasa. Danginshi ba za su manta mata ba.”

Na ce to ai sai su sake tashi canjaras, kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ya ɗago ya kalle ni, a fuska kuwa, abin da ba ya yi. Ya ce, “Auta, ni ba ni shiga fage da ƙarya.”

Gaskiyarsa ce, mun sha ganin garuruwa biyu sun daina ba juna aure saboda kaye guda. Na gaya masa abin da mutane za su ce idan ya karɓi gayyar, don na san su, za su ce ya ji tsoro. Ya ce ya sani. Amma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kwanaki suka yi ta tafiya, Talatu ta rame, uwarta tana zirga-zirga tsakanin ɗakina da nata, ni kuma ba amsar da zan aika Ƙafur. Su kuwa da suka ji shiru, sai suka yi abin da samari ke yi, suka sa rana suka taho.

Wata Asabar da hantsi, muna gonar dawa ni da shi, muka jiyo ganga. Samari ne zuga guda, kowa da fartanya a kafaɗa, Jatau a gaba. Kafin su iso rabin ƙauye ya fito, don kowa ya san abin da ke tafe. Suka tsaya a bakin gona, makaɗa suka yi shiru, domin ba mai sa fartanya sai mai gona ya yarda. Nomau ya taka a hankali har gaban Jatau, ya tsaya yana kallon ƙafafunsa. Ya daɗe yana kallo. Ni da nake kusa na ga yatsun hannunsa suna buɗewa suna rufewa. Allah ya sani, a ran nan na ji tausayin yayana yadda ban taɓa ji ba, don na san ba tsoro ke cinsa ba, kwaɗayi ne. Yana son kokawar nan fiye da duk wanda ya fito kallo.

Sai ya juyo gare ni ya ce, “Nuna masu iyaka. Daga tsamiya har bakin rafi. Su yi hankali da waken, bai yi ƙwari ba.”

Ya saɓa fartanyarsa ya nufi gida bai waiwayo ba, domin uban yarinya ba ya tsayawa kallon surukinsa yana aiki. Jatau ya zube ya tsuguna, bai tashi ba sai da ya daina hango shi. Ganga ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa, aka kawo tuwo da giya, kafin rana ta karkata gona ta yi fes. Bayan an sayar da auduga aka yi biki.

Abin da na gaya masa kuwa bai ɓata lokaci ba. Ranar kasuwa ta farko bayan gayya, muna shiga rumfar tela Audu ya tafa hannu ya ce, “Kai, Kututture, ashe kai ma ɗan kasuwa ne! Wasu na tsare kambunsu da laya, kai ka tsare naka da ɗiya.” Aka fashe da dariya, wasu kuma suka sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci na miƙe, yayana ya riƙe mini gefen riga, irin riƙon da ba a gardama da shi. Audu wasa yake yi irin nasa, amma maganar ta fi ƙarfin wasa, ta bi motoci ta shiga gari-gari. Daga ran nan duk inda aka ambaci kaka goma sha huɗu, sai an sami mai cewa, “Amma fa bai sake karawa da Jatau ba.” Har makaɗan da suka ci arziki a bayansa suka rage kiran sunansa.

Akwai kuma abin da ko ni ban hango ba. Da kaka ta zo muka tafi fagen Bakori, Jatau ma ya zo da mutanensa. Yana hango surukinsa sai ya mayar da rigarsa ya koma bayan jama'a ya zauna, don ba zai tuɓe a gabansa ba. Aka yi ta kiɗa masa, ko motsi. Nomau ma bai tuɓe ba, ya zauna yana nazari. A hanyar gida ya ce mini muddin yana zuwa, yaron ba zai ƙara kokawa ba, ga shi lokacinsa ne. Muna isa ya kwance layunsa ya haɗa da warki ya ba matarsa ta ɓoye. Bai ƙara shiga fage ba, bai ƙara zuwa kallo ba, ko da a garinmu ake yi. Yakan zauna a ƙofar gida yana jiyo ganga da ihun mutane, yana ƙoƙarin gane wa ya faɗi daga yadda ihun ya tashi. Masu cewa tsoro ne suka ce to ga shi nan, har fagen ma ya gudu ya bari.

Ni na zama idonsa. Duk inda Jatau zai yi wasa sai ya tura ni, in dawo in ba shi labari dalla-dalla, kuma ba ya karɓar labari irin na malamin makaranta. Idan na ce Jatau ya yi ƙoƙari, sai ya ce ba wannan ya tambaye ni ba. Ina ya kama, ta ina ya shiga, da ya ɗaga ina ya sa ƙugunsa. Wani lokaci ya miƙe ya ce in nuna masa a jikinsa, ni da ko ɗan akuya ban taɓa kayarwa ba. Jatau ya yi kaka biyar yana tashe, sa'an nan wani ɗan Dandume ya sa shi ya dafa. Na taho da labarin da 'yar murnata a ciki, don tarihin yayana ya tsira. Shi kuwa ranar ko tuwo bai ci ba. Ya ce da yana wurin da ya gaya masa mutanen Dandume da ƙafa suke sata.

Musun rumfar tela bai mutu ba, kuma yakan je ya zauna kamar da. Wata rana bayan shekaru Audu ya sake ɗauko mai gudun mil ɗinsa, ya juya ya ce, “To Kututture, yau dai ka yarda ya fi ka?” Nomau ya watsa gyaɗa a baki ya ce, “Ya fi ni sa'a. Agogo ba shi zuwa neman aure.” Rumfar ta kwashe da dariya har tela ya tsayar da kekensa, Audu ya yi ta buga cinya. Ni dai ban yi ba. Iyakar abin da na taɓa ji ya faɗa a gaban mutane a kan maganar ke nan.

Daga baya ya musulunta, shi da mafi yawan gidan, ni na tsaya a coci, ba abin da ya raba mu. Ya yi tsawon rai, kuma ciwon ajalinsa ya daɗe yana cinsa. Wata rana da rana tsaka ina yi masa fifita a zaure, na ga ƙafafun nan sun zama kamar kara, sai haushin shekaru ya taso mini. Na ce masa, Yaya, ni dai har yau maganar mutanen nan tana mini ciwo, da an bari kun kara da ka rufe masu baki. Ya girgiza kai.

“Maganar mutane ba ta taɓa damuna ba. Abin da ke damuna, ni kaina ban sani ba. Da na kada shi, ko da ya kada ni? Na juya ta ta kowane gefe, ban sani ba. Kuma ba ni da wanda zan tambaya.”

A lokacin Jatau yana tsakar gida yana faskaren itacen da za a dafa wa yayana magani, muna jin saran gatarinsa. Zana guda ce tsakaninsu, amma ba ɗayansu da zai iya buɗe baki ya yi wa ɗayan wannan tambaya. Ba a daɗe ba bayan nan Nomau ya rasu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan zamani. Ina jin abu ɗaya zai burge shi, yadda ake iya mayar da kaye baya a waya a sake kallonsa a hankali, a ga inda ƙafa ta zame. Da ya wuni a kan wannan, da ya ga duk wasannin Jatau da al'ada ta hana idonsa. Amma yadda ake auna mutum da lamba kawai, ba na jin zai gane. Kokawar ma yanzu an kai ta filin wasa, da alƙali da usur da agogo. Kunyar suruki kuwa ta yi sauƙi, na ga saurayi zaune benci ɗaya da uban matarsa suna zagin ɗan wasa guda. Ban ce ya lalace ba, wataƙila ma ya fi daɗin zama. Da yanzu ne, da an yi kokawar an yi auren kowa ya huta. Sai dai ba yanzu ba ne, da abin da ke gabansa ya yi hukunci.

Makaɗan duk sun mutu. Audu ma ya mutu, Allah ya jiƙansa, shi ya fi kowa kuka ranar jana'izar Nomau. Lissafin kaka goma sha huɗu ba ya cikin kowace waya, idan ni da wasu tsofaffi biyu-uku muka tafi, ya tafi. Ko yanzu ma ba zan iya toshe giɓin da ke cikinsa ba. Gaskiya ne bai sake karawa da Jatau ba, kuma ni har yau ina jin haushin ban ga kokawar nan ba. Amma idan aka tambaye ni tarihin da ya fi wuyar shafewa, nasa zan faɗa, har da giɓin. Talatu tana nan, ta tsufa amma bakin bai mutu ba, 'ya'ya da jikoki cike da gida. Ba ta taɓa yin yaji ba, dangin mijinta ba su taɓa samun abin goranta mata ba. Allah ya kai haske kabarin yayana, ya saka masa da abin da mu muka kasa.

Makon jiya na sa jikana ya kai ni Ƙafur a bayan mashin. Jatau ya tsufa, idonsa ya yi rauni, na same shi gindin darbejiya yana tufka igiya. Duk da kusan sa'ana ne, sai da ya yunƙura zai tsuguna mini, na hana shi. Bayan mun gaisa na ce masa mu duka mun kusa, kuma akwai tambayar da aka bar mini ban isar ba. Na yi masa ita kai tsaye. Ya ajiye igiyar.

“Baba Malam,” ya ce, “kokawar nan ba ranar da ba ni yin ta a raina. Da can, wata rana in kada, wata rana a kada ni.” Ya shafa gwiwarsa. “Amma tun ran da muka sa shi a rami, ban ƙara kada shi ba ko sau ɗaya.”